HND ko aikin sola a Abuja? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Na gama ND (ƙaramar difloma) a fannin lantarki a Barikin Ladi, na kuma yi shekarar IT, ta koyon aiki. Wani maigida mai haɗa sola a Abuja ya ce in zo zai riƙa biyana, ga shi kuma fom ɗin HND (babbar difloma) ya fito. Shekaruna 26, mahaifina ya yi ritaya. Wanne zan kama? Daga Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da lissafin shekaru. HND shekara 2 ce, kuma wanda ya haura 30 a lokacin kammalawa ba a tura shi bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ke nan kana da sararin shekara ɗaya ba tare da ka yi asarar NYSC da alawus ɗinta na naira 77,000 a wata ba.

Sola kam tana da kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, aka kuma ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, kuɗin wuta a 2024, masu gidaje da shaguna suke ta komawa kanta. Sai dai shiga aikin iri biyu ne. Akwai yaron da zai shekara yana ɗaukar fanel zuwa saman kwano yana ɗaure noti, akwai wanda ake zaunar da shi a koya masa lissafin lodi. Na farko lebura ne ko da an kira shi injiniya. Ka tambayi maigidan kai tsaye wanne zai mayar da kai.

Ga irin abin da ya kamata ya zauna maka a ka cikin wata shida. Fanka mai wat 70 in ta yi awa 8 ta sha wat-awa 560, wato 70 sau 8. Batirin ruwa mai 12V da 200Ah yana ɗaukar wat-awa 2,400, wato 12 sau 200, amma rabi kawai ake ja in ana so ya yi ƙarko, wato 1,200. Fanka biyu sun kusa cinye shi kafin asuba, ba a ma zo kan firji ba. Wanda bai iya wannan ba shi ne ke sa siririyar waya tsakanin batir da inbata ta yi ta zafi har ta narke, ko ya haɗa tsohon batir da sabo, tsohon ya ja sabon ƙasa.

Maganar kuɗi kuwa a yi ta a rubuce, da shaida. Wata-wata ne ko sai an samu aiki? Wa zai biya in inbata ta ƙone a hannunka, ko ka zamo daga kwano? Ka cire kuɗin ɗaki a Mararaba ko Nyanya da na motar shiga gari kullum, abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya.

Shawararmu: in zai koya maka, ka je ka yi shekara ɗaya, ka zauna jarabawar Trade Test ta ma'aikatar ƙwadago, ka dawo HND da sana'a a hannu. In burinka aikin gwamnati ne kada ka ja lokaci, domin mai ND a mataki na 6 yake farawa, mai digiri a na 8. Kuɗin makaranta kuma akwai rancen NELFUND, asusun ba ɗalibai bashi na gwamnatin tarayya, ba ruwa a kansa, biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa.

Tambaya: Ɗana ya rubuta JAMB sau biyu bai samu gurbi ba, yanzu ya ce tayil zai koya. In bar shi? Wata uwa daga Kubwa.

Amsa: Hajiya, ki bar shi, zaman jiran ya fi tayil ɗin illa. Sakamakon WAEC ba ya lalacewa, na JAMB ne ke ƙarewa a shekara. Ki nemo masa ogan da za ki je ki ga aikinsa da idonki: ki ƙwanƙwasa tayil ɗin, in ya yi ƙarar fanko to siminti bai cika ƙasansa ba, watan fashewarsa na tafe. Ki kuma leƙa cibiyar koyar da sana'o'i ta ITF da ke Abuja. In sha'awar karatun ta dawo masa, jami'ar karatu daga gida ta NOUN mai hedikwata a Jabi ba ta hana mutum fita aiki da rana.