Na'ura ta ce babu komai a ƙasa, in sa motar haƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na samu kwangilar haƙa magudanar ruwa a wani layi a cikin Kano, zurfin kamar mita ɗaya. Na ɗauko mai na'urar gano wayoyi, ya bi layin ya dawo, ya ce ƙasa lafiya lau, na'ura ko ƙara ba ta yi ba. Amma mai unguwa ya rantse akwai kebul da ya taso daga taransifomar bakin layi ya ratsa ta nan, a gabansa aka binne. Ranar da aka yi awon babu wuta a unguwar. Na riga na biya hayar motar haƙa, kuma hankalina ya kasa kwanciya. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka bi mai unguwa. Ka dakatar da motar nan yau, ko da za ka yi asarar kuɗin hayar, domin awon da aka yi maka tamkar ba a yi ba ne.

Amsar tana cikin maganarka: ranar babu wuta. Yawancin masu yawo da na'urar nan suna murɗa ta ne kan sashen sauraren wuta su kama tafiya. A wannan sashen, abin da take ji shi ne filin maganaɗisu da wuta ke haifarwa lokacin da take gudana a cikin kebul, mai bugun 50 a kowace daƙiƙa. In an ɗauke wuta, babu abin da ke gudana, babu abin da za ta ji. Za ta bi ta kan babban kebul na 11kV, wato mai ƙarfin volt dubu goma sha ɗaya, ta yi tsit, mai ita kuma ya karɓi kuɗinsa ya ce maka babu komai. An ƙera na'urorin nan ne a ƙasashen da wuta ba ta cika yankewa ba. A nan da unguwa kan wuni a duhu, wanda ya dogara da wannan sashen kaɗai bai san aikinsa ba.

Kuma kada ka ce shi ke nan, gobe in an kawo wuta a sake bi. Ko da wuta, akwai kebul ɗin da ba ya magana. Wanda aka yanke aka toshe bakinsa aka bar shi a ƙasa yana nan cike da wuta, amma tunda ba ya ciyar da kowa, ba abin da ke gudana a cikinsa. Kebul mai layi uku a cikinsa, in wutar da ake ja a layukan uku ta zo daidai da juna, shi ma sautinsa kan yi rauni ƙwarai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar da nake ji kullum a bakin 'yan kwangila da shugabannin leburori: "Ai babu wuta, ku yi maza ku haƙa kafin a kawo." Wa ya ba ka lokacin kawowa? Wa ya kulle layin ya miƙa maka mabuɗi? Ana iya maido da wuta a daidai lokacin da bakin diga ke cikin kebul. Ga kuma gidajen da ke kunna janareta ba tare da sun raba layinsu da na gari ba, wutarsu ta koma baya ta bi waya. Kebul ba ya zama matacce sai ma'aikatan kamfanin wuta sun kashe shi, sun gwada, sun haɗa shi da ƙasa. In aka sari mai rai, abin ya wuce jan wuta: tartsatsi ne ke fashewa, ya ƙone fuska da hannu da ƙirji kafin mutum ya saki ƙotar. Kuma mai kwangila ba ya cikin ramin. Yaron da ya zo cin rani, mai jiran kuɗin wuni ya sayi abincin dare, shi ne a ciki. Haƙƙinsa na wuyanka, Alhaji, kuma za a tambaye ka.

Na'urar kirki biyu ce a haɗe: mai saurare da mai aika sauti. Ana sanya wa kebul sautin ne, galibi 33kHz, wato bugu dubu 33 a kowace daƙiƙa, ta maƙala masa zobe a inda ya nutse ƙasa daga taransifoma, sannan a bi sawunsa ana shafa fenti. Wannan yana aiki ko babu wuta. Ka tambayi mutuminka ina akwatin aika sautinsa. In ya ce ya bari a gida, ka sallame shi. Masu lanƙwasa waya biyu suna tafiya wai za ta juya a kan bututu, da masu ɗauko na'urar neman zinare, kada ma ka ba su wurin zama. Jikin kebul na taransifoma kuwa ba a taɓa shi sai da ma'aikacin KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, a tsaye.

Bututun ruwa na roba da wayar intanet ta gilashi marar ƙarfe a jiki ba sa ɗaukar wannan sautin, sai wata na'ura daban, rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa. Ita ma tana gani sosai a rairayi busasshe, amma a jiƙaƙƙen yumɓu da damina da ƙyar take kai mita ɗaya. Ka kuma sani tun 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, tsinke su ba ƙaramar magana ba ce.

A Amurka lamba ɗaya ake kira, 811, masu wayoyi da bututai su zo su yi alama kafin a haƙa. Mu nan sai ka bi ofis-ofis, a ce ka dawo gobe, ƙarshe a ba ka taswirar da ta girmi titin. Duk da haka ka rubuta wa kamfanin wuta da hukumar ruwa, ka riƙe kwafi mai hatimi. Taswirar ka ɗauke ta a matsayin ishara kawai, domin ciko da zaizaya sun sauya zurfin komai.

Bayan awo, a tona ramukan gwaji da shebur a gicciye da layin, a fara daga inda mai unguwa ya nuna. Da an ga farin yashi a tsakiyar jar ƙasa, ko jeren bulo, ko ledar gargaɗi, a tsaya. Cikin rabin mita daga alamar fenti kada inji ko diga su taɓa, sai an ga kebul ɗin da ido an tallafe shi, sannan mota ta shiga sauran wurin.