Kwabon Azurfar Faransa da Ba a Kashewa

Tambaya: Na sayi wani kwabon azurfa a kasuwar Gombe, da hoton Sarki Louis na 15, amma babu adadin kuɗi a jikinsa. Mene ne shi? (Mai karatu daga Gombe)

Amsa: Malam, Faransawa na kiransa jeton. Asali da shi ake lissafi a kan allo mai layuka, daga baya majalisun larduna suka riƙa buga na azurfa suna raba wa wakilansu. Juya bayansa. In ka ga ESTATS DE BRETAGNE, na lardin Bretagne ne. COMITIA BURGUNDIAE kuwa na Bourgogne ne, mai cibiya a Dijon.

Amma gefen ya fi komai muhimmanci. Sa madubin ƙara girma. In an buga ARGENT (wato azurfa da Faransanci) tare da ɗan ƙaho mai zubo 'ya'yan itace, gidan buga kuɗi na Paris ne ya sake bugawa daga 1880 zuwa gaba; in hoton ƙudan zuma ne a maimakon ƙahon, daga 1860 zuwa 1879 aka sake bugawa. Na zamanin sarkin ba shi da wannan alama.

Azurfa ba ta bin maganaɗisu, don haka in kwabonka ya bi, ba azurfa ba ne. Kuma don Allah kada ka goge shi da toka ko lemon tsami, ƙarzanewa yake yi, farashinsa ya faɗi.