Shugaban kulob ya ce in rubuta cewa ɓata-gari ne suka tayar da rikicin, in rubuta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ne jami'in yaɗa labarai na wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ke buga gasar ƙasa. Ranar Lahadi a filinmu alƙalin wasa ya ba baƙi fenariti ana saura minti biyu a tashi, suka farke. 'Yan kallo suka ɓalle suka shigo fili, aka fasa wa mataimakin alƙali kai da dutse, aka farfasa gilasan motar baƙi. Da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa sai aka yi turmutsitsi a ƙaramar ƙofa, wani yaro ya karye a ƙafa. Bidiyo ya cika Facebook da TikTok. Shugabanmu ya ce in fitar da sanarwa cewa ɓata-gari ne da aka yo haya daga waje, ba magoya bayanmu ba ne. Wani ɗan kwamiti kuma ya ce a yi shiru, a ba 'yan jarida na goro, kwana uku an manta. Ni kuwa na ga fuskokin waɗanda suka shigo, wasu ma na san su. Yau kwana biyu ban ce komai ba, wayata ba ta daina ƙara ba. Ina tsoron rasa aikina, ina kuma tsoron a kwashe mana maki. Me zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ba yaron da mataimakin alƙalin lafiya. Kada ka rubuta wannan sanarwar da shugabanku yake so. Shirun ma ya isa haka, kwana biyu sun yi yawa. Yau ɗin nan, kafin magariba, ya kamata a ji daga bakin ƙungiya.

Maganar maki tukuna, tunda ita ce ke firgita shugabanku. Hukumar gasa ba da sanarwarka take yanke hukunci ba. Rahoton alƙalin wasa take dubawa, da na kwamishinan wasa, da bidiyo, kuma waɗannan sun riga ka isa teburinta. Sannan a dokar ƙwallo, tsaron fili yana wuyan mai masauki. In ka ce 'yan haya ne daga waje, tambayar da za ta biyo baya ita ce: wa ya buɗe musu ƙofa da duwatsu a aljihu, kuma ina masu tsare shingen? Ka ga ba ka sauke laifin ba, ka ma ƙara wa kanka da sakaci a bakin ƙofa. Tara, ko kwashe maki, ko buga wasa babu 'yan kallo, ko mayar da ku wani gari, duk wanda zai zo zai zo. Abin da ya rage a hannunku shi ne yadda hukuma za ta same ku: masu ba da haɗin kai ko masu raina mata hankali.

Akwai wata mummunar fahimta da ta yi katutu a kulob-kulob da hukumomin wasanni, cewa jami'in yaɗa labarai mai wanki ne. Wai idan abu ya ɓaci, aikinsa shi ne ya yi maza ya nemo wanda za a shafa wa kashin kaji, baƙi ne ko 'yan adawar siyasa ko wasu ɓata-gari marasa suna, kafin kowa ya farga. Wannan tunanin ya fi rikicin kansa lalata ƙungiyoyi. Jifa da fashe-fashe ana hukunta su a wuce wurin a kaka ɗaya. Ƙaryar da aka sa wa hannu da hatimin ƙungiya kuwa tana nan a ajiye a wayar kowa, duk ranar da kuka sake buɗe baki sai an zaro muku ita.

Waɗanda suka fi ku kuɗi da lauyoyi sun gwada. Ranar 15 ga Afrilu 1989 a filin Hillsborough da ke Sheffield a Ingila, aka yi turmutsitsi a wasan Liverpool da Nottingham Forest, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 97. Babban ɗan sandan da ke kula da wasan, David Duckenfield, shi ya ba da umarnin buɗe wata ƙofar fita don rage cunkoso a waje, jama'a suka kwararo inda babu sauran wuri. Amma da shugabannin hukumar ƙwallon Ingila suka tambaye shi a ranar, sai ya ce magoya baya ne suka ɓalle ƙofar. Bayan kwana huɗu jaridar The Sun ta buga zarge-zargen ƙarya a kan magoya bayan Liverpool a shafinta na farko. Da farko kamar dabarar ta ci. A 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya gano an yi wa bayanan 'yan sanda 164 kwaskwarima, Firaminista David Cameron ya tashi a majalisa ya nemi gafara. A 2015 Duckenfield ya amsa da bakinsa cewa ƙarya ya yi. A 2016 masu taya alƙali bincike suka yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya baya ba su da hannu. Shekara 27 ke nan ana jan jimla ɗaya da aka furta cikin ruɗu. Har gobe kuma akwai masu shaguna a Liverpool da ba sa ajiye The Sun.

Za ka ce ai wannan tsohon zamani ne, an koyi darasi. Ina! A wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai ranar 28 ga Mayu 2022 a Faransa, tsakanin Liverpool da Real Madrid, magoya baya suna matse a bakin ƙofofi ana fesa musu barkonon tsohuwa, sai hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta rubuta a allon filin cewa an jinkirta wasa ne saboda 'yan kallo sun makara. Ministan cikin gidan Faransa na lokacin, Gérald Darmanin, ya ɗora da cewa dubban mutane ne suka zo da jabun tikiti ko babu tikiti. Wannan karon ba a jira shekaru ba, domin kowa yana da waya, 'yan jarida ma suna cikin cunkoson. Rahoton da UEFA ɗin da kanta ta sa a yi ya fito a Fabrairu 2023 ya ce babban alhakin nata ne, ta nemi gafara, ta kuma amince ta mayar wa magoya bayan Liverpool kuɗin tikitinsu. To in UEFA da gwamnatin Faransa ba su iya danne bidiyon waya ba, sai kai da takarda ɗaya? Kai da kanka ka ce ka gane fuskoki. Duk mai zama a wancan ɓangaren filin ma ya gane su, ya san unguwarsu, ya san majalisarsu.

Batun na goro kuma, wannan shawarar mutumin da har yanzu yake zaton labari a jakar wakilin gidan rediyo yake kwana. Ka sallami mutum goma, na sha ɗayan da ba a kira ba ya samu labari biyu: rikicin, da kuma cewa kuna rabon kuɗi don a binne shi. Wanda ya karɓa ma ya san farashinku ke nan, gobe zai dawo. Haka sojojin baka da 'yan soshiyal midiya da za su zo suna cewa a ba su kuɗin data su juya zancen. Abin da za su yi shi ne zagin alƙali da baƙi da sunanku, kuma hukuma za ta lissafa muku shi. Aikin hulɗa da jama'a sana'a ce mai doka a Najeriya, cibiyar masu hulɗa da jama'a ta ƙasa, NIPR, ke rajistar masu yin ta tun dokar 1990, amma a harkar ƙwallo duk wanda ya iya surutu sai a miƙa masa shafin ƙungiya.

Kafin ka rubuta komai, ɗauki takarda ka jera abin da ya faru da lokacinsa: ƙarfe nawa aka busa fenariti, ta wane ɓangare aka fara tsallake shinge, ƙofofi nawa ke buɗe lokacin da aka harba barkonon tsohuwa, wa ke riƙe da makullin babbar ƙofa, 'yan sanda da masu tsaro nawa aka nema, nawa suka zo. Kowane layi ka rubuta wanda ya faɗa maka. Wanda mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka tabbatar, ko bidiyo ya nuna, shi ne abin da ka sani. Sauran ji-ta-ji-ta ce, ba ta shiga sanarwa. Bidiyon kuma ka nemi na asali daga wayar wanda ya ɗauka ko kyamarar ƙungiya, domin wanda ya bi ta WhatsApp ya rage kyau kuma lokacin ɗaukarsa ya ɓace. Ka ajiye kwafi biyu, kada a goge komai ko da ya yi muku muni.

Sanarwar farko gajera ce, kalma 120 zuwa 150 sun wadatar. Ta faɗi abin da aka tabbatar, ta yi jaje, ta faɗi matakin da aka riga aka ɗauka, ta sa ranar da za a sake magana. Kamar haka: "Bayan wasanmu na ranar Lahadi wasu 'yan kallo sun shiga fili, aka ji wa mataimakin alƙalin wasa rauni, aka lalata motar baƙinmu, wani yaro kuma ya samu karaya a cunkoson fita. Wannan ya faru ne a filinmu, muna ba su haƙuri, muna kuma Allah wadai da shi. Mun ɗauki nauyin jinyar waɗanda suka ji rauni, mun miƙa wa hukumar gasa da 'yan sanda bidiyon da ke hannunmu. Za mu yi wa manema labarai cikakken bayani ranar Alhamis da ƙarfe 11 na safe." Amma fa kada ka rubuta an ɗauki nauyin jinya sai an biya an karɓi rasit, kada ka ce an miƙa bidiyo sai an miƙa. Fenaritin ko ambatonsa kada ka yi. In kuna da ƙorafi a kan alƙalanci, sakatare ya rubuta wa hukuma ta hanyar da doka ta tanada. Duk sanarwar da ta ce "muna ba da haƙuri, amma alƙali..." mutane daga "amma" suke fara karatu.

Ka fitar da ita da Hausa da Turanci a lokaci guda, ma'ana ɗaya, kada ta Turanci ta yi ladabi ta Hausa ta yi zafi. Masu jifan nan rediyo da WhatsApp suke saurare, don haka shugaba ya karanta ta Hausar da muryarsa, abin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba, a tura wa gidajen rediyo. Lauya ya duba, amma ka ba shi awa ɗaya, ba kwana ba. Kafin ta fita a kira shugaban ƙungiyar baƙi, da mataimakin alƙalin, da iyayen yaron, da masu ɗaukar nauyinku, kada su tsinci haƙurinku a Facebook. Sunan yaron da hotonsa ba naku ba ne da za ku wallafa. A je asibiti a duba shi, a bar mai kyamara a mota.

Mai magana mutum ɗaya ne, kuma tunda an zubar da jini, shugaba ne, ba koci ba. A rubuta wa 'yan wasa da ma'aikata a zaurensu cewa duk ɗan jaridar da ya kira a turo shi wurinka. Kada kuma ka ƙirƙiro kalamai ka jingina wa kyaftin ko mahaifin yaron don a ga kamar an sasanta. Hukumar ƙwallon Sifaniya ta fitar da kalamai da sunan 'yar wasanta Jenni Hermoso a 2023 don kare shugabanta Luis Rubiales bayan ya sumbace ta a bikin ɗaukar kofin duniya na mata, ita kuwa ta fito ta ce ba da yardarta ya sumbace ta ba. Cikin makonni uku ya sauka. Ka kuma duba shafukanku yanzu, ka dakatar da tallar riguna da taya ɗan wasa murnar zagayowar ranar haihuwa har ƙura ta lafa.

A taron manema labarai ka gayyaci kowa lokaci guda ta reshen ƙungiyar marubuta wasanni, SWAN, har da wanda kuke ganin ba ya ƙaunarku. Minti 30 ya isa. Ka zaunar da shugaba daren jajibiri ka yi masa tambayoyin da ya fi tsoro: me ya sa babbar ƙofa take kulle, tikiti nawa aka sayar kuma filin mutum nawa yake ɗauka, magoya bayanku ne ko a'a. Inda ba a kammala bincike ba ya faɗi haka, ya sa rana. Abin koyi a nan shi ne Patrice Motsepe, shugaban hukumar ƙwallon Afirka, CAF, bayan mutum 8 sun mutu a bakin filin Olembe a Yawunde ta Kamaru ranar 24 ga Janairu 2022. Washegari ya zauna gaban 'yan jarida, ya yi maganar ƙofar da aka bari a rufe, ya nemi rahoto, ya kuma ɗauke wasan da ke tafe daga filin zuwa na Ahmadou Ahidjo. Ya zo da mataki a hannu, ku ma ku zo da naku: gyaran shinge, ƙarin masu tsaro, buɗe dukkan ƙofofi kafin a tashi wasa.

Shi kuwa shugabanku, kada ka yi masa gardama a gaban 'yan kwamiti. Same shi shi kaɗai da takardu biyu, tasa da taka, ka kunna masa bidiyon ka ce: "Ranka ya daɗe, in muka fitar da wannan, ga abin da za a liƙa a ƙarƙashinta cikin minti goma." In ya dage, ka rubuta masa shawararka ka ajiye kwafi, sanarwar kuma ta fita da sunansa da sa hannunsa. Fuskokin da ka gane, kada ka wallafa sunan kowa, kada kuma ka kira su da kanka. Ka ba sakatare a rubuce, shi ya miƙa wa 'yan sanda da hukumar gasa, sannan a kira shugabannin ƙungiyar magoya baya a gaya musu kafin Alhamis.