Tsamiya da kuka a cikin gari: gidan aljanu za mu dasa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ƙungiyarmu ta matasa a Tumfure, nan Gombe, ta samu fili a bakin kwari, muna so mu mai da shi kurmi saboda zafi da zaizayar ƙasa. Mun tanadi dashen tsamiya da kuka da ɗorawa, sai dattawa suka ce aljanu da macizai za mu tara wa unguwa, mu tsaya kan dogonyaro da turare. Wallahi ni ma jikina ya yi sanyi. Yaya za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi muku albarka. Wannan magana kusan kullum sai na ji ta, ta kuma kashe itatuwan asali da yawa.

Ban musa samuwar aljanu ba. Amma wa ya ba su takardar mallakar tsamiya, ya hana su dogonyaro? Motsin da ake ji a kan kuka da dare, har yara su watse, jemagu ne. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu su zo shan ruwansa, su kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Haka ɗorawa ma. Da babu su, da 'ya'yan kuka da daddawar da matanmu ke sayarwa sun ragu. Kakanninmu sun yi kasuwa sun yi fada a ƙarƙashin tsamiya da durumi, sai yau wani mai tallar magani a tasha ya tsorata mutane, a sare itacen da ya girmi kakansa, shi kuma ya sayar da hayaƙi. Abin da ban takaici. Shi ma maciji ɓera yake bi, ɓera kuma bola yake bi. Ku hana zuba shara a filin.

Dogonyaro baƙo ne daga Indiya, ya yi mana rana wajen inuwa, ba na raina shi. Sai dai layinsa kaɗai ba ya zama kurmi. Turare kuwa yana zuƙe ruwa, ciyawa ba ta son gindinsa, ƙasa ta zauna tsirara. A bakin kwari, a kan rairayin Gombe, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya kwashe ta.

Ku fara da layukan jema da gamba a gefen kwarin su riƙe ƙasa. Bayansu ku gauraya: gawo, da ke fure da rani lokacin da zuma ba ta da abinci, sai baure da kanya don tsuntsaye, da maɗaci. Cediya da durumi ku nisanta su da gini da masai, saiwarsu ba ta da kunya.

Tun 2019 da aka fara shirin gwamnati na dashen itatuwa, wato 3G (Gombe Goes Green), a jihar, mutane sun saba da bikin dashe. Aikin yana cikin rani biyu na farko. Ku dasa idan damina ta kankama, wajen Yuni zuwa Yuli, ku kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki, ku raba wa kanku ranakun ban ruwa.

Dattawa kuma kada ku yi musu gardama a bainar jama'a. Ku bi ta wurin liman da mai unguwa, a tuna hadisin da ke cewa duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Sannan ku miƙa wa mai unguwa tsamiyar farko ya dasa da hannunsa.