Ga ƙanina mai neman ɗan aikin bayan makaranta a Agege

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka tun daren jiya: shekarunka 15, kana babbar sakandare, kuna zaune a Agege, kana son ɗan aikin da za ka riƙa yi bayan an tashi makaranta da ranar Asabar don ka rage wa Umma nauyin kuɗin mota da na littattafai, amma ba ka san ta inda ake farawa ba. Allah ya yi maka albarka. Ni ma a Agege na tashi, kuma kusan a shekarunka na fara nema.

Da kuskure na fara. Wata rana na ga takarda manne a jikin turken wuta kusa da tasha, wai ana neman ma'aikata da gaggawa, albashi mai tsoka, ga lambar waya. Na kira aka ce in zo Ikeja. Na goge rigata ta Juma'a, na hau danfo, motar hayar Legas, ban gaya wa kowa ba. Wani ɗaki ne a saman bene, kujerun roba da fanka ɗaya mai ƙara, mun kai mu ashirin a ciki muna zufa. Aka ce kowa ya sayi fom. Bayan fom sai kuɗin katin shaida, bayan kati sai kuɗin horo. Duk barka da sallar da na tara a asusu nan na zube ta. Da na koma bayan sati biyu, kwaɗo na tarar a ƙofa, mai sayar da ruwa a ƙasan benen ta dube ni ta girgiza kai kawai. Sai da na yi wata guda kafin na iya gaya wa Baba. Har yau irin waɗannan takardu suna nan a jikin gadoji, wasu kuma sun koma WhatsApp. Duk wanda ya ce ka biya kafin ya ba ka aiki, ka yi masa sallama ka fito.

Aikin da na samu na gaskiya, a ƙofar masallaci aka ƙulla shi. Bayan Isha Baba ya riƙe hannun wani Alhaji mai shagon tireda a layinmu, suka yi magana ba ta kai minti biyar ba, washegari aka ce in je. Alhaji bai nemi takarda ko ɗaya ba. Ya tambaye ni ko ina jin Yarbanci da Turancin buroka, na ce ina ji. Sai ya ce, "Mace ta yi sayayyar 750 ta ba ka 1,000, kana miƙa mata canji ta ce a ƙara mata sabulun 120, nawa za ka ba ta?" Na ce 130. Ya ɗauko wani tsohon littafi da mai ya jiƙa bangonsa, na masu cin bashi, ya ce in karanta masa shafi ɗaya. Jarrabawar ke nan gaba ɗaya.

Abin da nake so ka gane shi ne, a Legas ba wanda zai saki kuɗinsa ko kayansa a hannun yaron da bai san gidansu ba. Manyan kantuna garanto suke nema, ya sa hannu ya kawo hoto. A wajenmu kuma bakin babba ne garanto. Don haka kafin ka fara yawon shaguna, ka zauna da Baba, ko kawunka, ko malamin Islamiyyarku, ka ce musu ga abin da kake so. Su ne suka san wanda yaronsa ya tafi gida, da wanda ke biyan haƙƙi, da wanda ba a kai masa yaro. Na ukun nan ya fi muhimmanci, kuma kai ba za ka gane shi daga fuska ba.

Ka nemi wurin da ƙafa za ta kai ka. Idan ka tashi makaranta ƙarfe biyu ko uku, ka ce za ka shiga gosulon hanyar Ikeja ka dawo da dare, kuɗin mota zai cinye abin da aka ba ka, gajiya ta cinye karatu. A cikin unguwa akwai tireda, shagon cajin waya, wurin buga takardu da hoto, tela mai neman yaron guga da sa maɓalli. Idan kana da ƙoƙari a lissafi ko karatun Alƙur'ani, koyar da ƙananan yara a gidajen maƙwabta ya fi duka sauƙi, awa ɗaya ko biyu ka gama, kuma kana bitar naka karatun.

Wasu za su ce ka tafi kasuwar kayan gwari ta Mile 12. Akwai kuɗi, ba musu, amma motocin tumatir da albasa da tattasai daga Arewa da asuba ake sauke su, lokacin da ya kamata kana shirin makaranta, kuma dako ba na ƙashin ɗan shekara 15 ba ne. Sai dai a dogon hutu, idan kana da ɗan'uwa mai rumfa, ka zauna masa. Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, ma haka: wurin koyon gyaran waya ne mai kyau, amma koyon sana'a daban, aikin albashi daban. Ɗan koyo kuɗin abinci yake samu, wani lokaci ma iyaye ne ke biya. Acaɓa kuwa kada ma ka saurari mai kawo maka zancenta. Ba ka kai 18 ba balle lasisi, kuma tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana ta gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da ke maƙwabtaka da ku. Talla a kan titi ma dokar kare haƙƙin yara ta Legas ta 2007 ta hana, ga 'yan KAI, jami'an gwamnatin jiha masu kama masu talla, na kwashe kaya.

POS na ware shi daban, don shi ne aikin da ake yawan ba yara yanzu. Kana zaune a inuwar lema, ga shi kamar ba wahala. Amma ranar da wani ya nuna maka alat na bogi ka ƙirga masa kuɗi, ko lissafi ya ƙi cika da yamma, wa zai biya? A yi wannan magana tun ranar farko, a gaban babba. Na san yaron da ya yi wata biyu yana aiki kyauta don biyan asarar rana ɗaya.

Nan ne na yi kuskurena na biyu. Kunya ta hana ni tambayar nawa za a biya ni, na ce ai Alhaji abokin Baba ne. Ƙarshen wata ya miƙo mini abin da ya ga dama, na karɓa da hannu biyu na yi godiya, raina a ɓace. Ba mugunta ya yi ba, ba a yanka magana ba ne. Kai ka bar Baba ya tambaya: nawa, kullum ko sati ko wata, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, ya batun salla da Juma'a, kuma lokacin jarrabawa za a sallame ka ka yi karatu? Kada ka sa rai da mafi ƙarancin albashin nan da kake ji, naira 70,000 na tarayya ko 85,000 da Legas ta sanar wa ma'aikatanta a 2024. Dokar ba ta hau kan aikin 'yan awoyi ba, ko wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Amma dokar ƙwadago ta hana a sa wanda bai kai 16 ba aiki sama da awa 8 a rana ko awa 4 a jere, ta kuma hana sa shi aikin dare. Wanda ya ce ka kwana a shago gadi, ka gaya wa Baba.

Idan kuma kai ne za ka je da kanka, kada ka je da sassafe ko bayan La'asar lokacin da ciniki ya kankama. Ka je da hantsi ranar Asabar, da kaya masu tsabta, ka gaisa sosai, ka faɗi gidanku. Kada ka tsaya a "ko akwai aiki?", don amsar da ta fi sauƙi ita ce babu. Ka ce kana da lokaci daga ƙarfe huɗu zuwa Magariba da yinin Asabar, ka iya lissafi, kana jin yare uku, a gwada ka sati ɗaya. Babban kanti ko makarantar kuɗi za su iya neman wasiƙa: shafi ɗaya ya isa, sunanka, ajinka, abin da ka iya, da lambar wanda zai tsaya maka. Ka tanadi hoton fasfo da lambar NIN. Tunda ba ka kai 16 ba, sai ka je rajista tare da Baba ko Umma da tasu lambar.

Shekara biyu na yi a shagon Alhaji, na bari wata uku kafin WAEC, shi da kansa ya ce in tafi in yi karatu. Ka yi magana da Baba yau bayan Isha. Idan ya amince, ka gaya mini ta wane gefen Agege kuke, zan tambayi wani tela da na sani ko har yanzu yana neman yaron Asabar.