Aljihun shago da asusun makaranta

Wani ɗan kasuwarmu mai sayar da yadi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu ya aiko da tambaya. Ya zuba jari a wata ƙaramar makarantar kuɗi a tsakiyar birnin, wadda akasarin ɗalibanta 'ya'yan baƙaƙen fata ne masu ƙaramin ƙarfi. Iyaye na jinkirin biya, malamai na tafiya tsakiyar zango, shi kuma kullum yana cike giɓi da cinikin shago. Ya janye ne ko ya daure?

Alhaji, kada ka janye tukuna, domin har yanzu ba ka san ko makarantar asara take yi ba. Muddin kuɗin yadi da kuɗin makaranta suna kwana a aljihu ɗaya, ba wanda zai iya gaya maka. Ka buɗe mata asusun banki nata na kanta, iyaye su riƙa biya ta nan kawai, a daina karɓar tsabar kuɗi a ofishin shugaban makaranta. Duk rand ɗin da ka ƙara daga shago a rubuta shi bashi.

Albashi shi ne farkon abin da zai fita kowane wata, kafin fenti, kafin kwamfuta. Malamin da ba shi da tabbacin ranar biya, da zarar gurbi ya buɗe a makarantar gwamnati zai tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Uwar da ke shara a ofisoshi ta matse bakin aljihu don ɗanta ya samu malami ɗaya daga Janairu zuwa Disamba. Wannan take saya a wurinka.

Sai takardu. Dokar makarantu ta 1996 ta wajabta rajista da sashen ilimi na lardi, wato Gauteng a wurinka, wata dokar kuma ta wajabta wa malamai rajista da SACE, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasar. Akwai tallafin gwamnati ga makarantu masu araha, amma sai waɗanda ba riba suke nema ba, don haka ku zauna da abokin haɗin gwiwarka ku zaɓi hanya ɗaya.

Iyayen da ake bi bashi kuwa, kada zafin rai ya sa ka kori yaro kai tsaye. A shari'ar makarantar Pridwin ta 2020, Kotun Tsarin Mulki ta nuna cewa ko makarantar kuɗi ba ta sallamar yaro ba tare da an duba maslaharsa an saurari ɓangarensa ba. Ka kira iyayen ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan a ƙarshen wata, lokacin da albashinsu ke shiga.

Ka yi zango biyu a haka, sannan ka aiko mini da lissafin mu duba tare.