Me ya sa sababbin dogayen benayen ofis ba su da mutum-mutumi a ƙololuwa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ake ganin mutum-mutumi a saman tsofaffin benayen ofis na tsakiyar birane, amma sababbi sai gilashi zalla.

A da, ƙololuwar gini ita ke shelar sana'ar masu shi. Dubi ginin kasuwar hatsi na Chicago da aka kammala a 1930: a samansa akwai Ceres, alamar noma a wurin Romawa, an ƙera ta da alminiyom, ba a ma yi mata fuska ba. Ni dai har yau ban ga abin da ya kai shi kyau ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu salo ya sauya. Magina suka ɗauki ado a matsayin ɓarnar kuɗi, suka koma ƙarfe da gilashi, kamar ginin Seagram na New York a 1958. Rufin kuma na'urorin sanyaya iska da injin lif suka mamaye shi.

Sai dai kada ka ƙiyasta shekarun gini da mutum-mutumi kaɗai, domin a shekarun 1980 wasu sun dawo da salon. In kuwa gyara ko ɗora wani kake nufi, nemi injiniyan gine-gine ya auna nauyi, ƙarfin iska da tsatsa tukuna.